Yadda Ake Sa Wa Ƙananan Sojojin Wasan Yaƙi Maganaɗisu da Haɗa Musu Farantin Sahu

Duk wanda ya taɓa jera ƙananan sojojin roba ashirin a kan tebur, sahu huɗu, kowane sahu mutum biyar, sannan dokar wasa ta ce ya matsar da su gaba inci huɗu, ya san inda wahalar take. Idan ya ɗauke su ɗai-ɗai, rabin yinin zai ƙare wajen jeri. Idan kuwa ya tura su gaba ɗaya da gefen hannu, sai na baya su hau na gaba, mashin wannan ya sarƙe da garkuwar wancan, fentin da aka kwana ana shafawa ya kankare. Abu biyu ne ke maganin wannan: a sa ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin dandamalin da kowane soja yake tsaye a kai, sannan a haɗa faranti mai shimfiɗar ƙarfe wanda rundunar za ta zauna a kansa, a riƙa tura ta ko ɗaukarta a lokaci guda.

Wasan kansa ba sabo ba ne. Tun a 1824 aka gabatar wa hafsoshin sojan Furusiya, wata tsohuwar daula a ƙasar Jamus ta yau, wani wasan taswira da ake kira Kriegsspiel don koyon dabarun yaƙi, kuma a 1983 kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da Warhammer, wanda ya yaɗa salon jera sojoji sahu-sahu a kan dandamali mai kusurwa huɗu. A nan Kebbi masu yin sa ba su da yawa, kuma ba a shiga kasuwar Birnin Kebbi a tarar da shagon kayansa. To amma wanda yake son ya sake tsara gumurzun Alwasa na 1805, lokacin jihadin Shehu Ɗan Fodiyo, a kan tebur, ko ya haɗa rundunar Kanta, Sarkin Kabi, ta zamanin birnin Surame da 'yan lifida da 'yan baka da dakarunta, zai sami kusan duk abin da wannan aiki yake bukata a wurin kafinta da masu sayar da kwanon rufi da masu gyaran kayan lantarki. Maganaɗisun ne kaɗai yakan sa a yi oda.

Wane ɓangare ne zai ɗauki maganaɗisu

Kafin a sayi komai sai a yanke wannan shawara, domin canza ta daga baya yana nufin ɓamɓare sojoji ɗaya bayan ɗaya. Hanya ta farko ita ce maganaɗisu a jikin soja, ƙarfe zalla a kan faranti. Ta biyu ita ce akasin haka: a liƙa wa soja washa ta ƙarfe a ƙasa, a shimfiɗa wa faranti tabarmar maganaɗisu ta roba, irin wadda masu rubutun alluna suke amfani da ita wajen tallan da ake mannawa a ƙofar mota. Ni dai ta farko nake ba da shawara a bi, saboda ƙarfe yana ko'ina kuma yana da araha, sojan da yake ɗauke da maganaɗisunsa kuwa zai kama faranti, ya kama akwatin ajiya, ya kama duk wani fallen ƙarfe da aka ɗora shi a kai.

Abin da ba a yi shi ne haɗa maganaɗisu da maganaɗisu. Tabarmar roba tana da fuskokin arewa da kudu a jere, layi-layi, kusa da juna, don haka idan aka ɗora wata tabarmar a kanta sai ta riƙa gocewa tana neman inda layukan suka dace, soja ya tsaya a karkace ko ya fita daga sahu. Idan kuma ƙaƙƙarfan maganaɗisu aka ɗora mata, yakan ɓata tsarin layukan nata a daidai wurin, ƙarfinta ya ragu.

Kayan aiki

Maganaɗisun da ake nema shi ne na niyodimiyam, wanda ake haɗawa daga niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, aka kuma ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1980 a kamfanonin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan. Ana sayar da shi kamar ƙananan ƙwayoyin magani masu ƙyalli, da lambar ƙarfi daga N35 zuwa N52. Girmansa ana rubuta shi da faɗi sannan kauri, wato 5x2 yana nufin faɗin milimita 5 da kaurin milimita 2. Sojan ƙasa na roba mai tsayin milimita 28, wanda yake kan dandamalin milimita 20 ko 25, ƙwaya ɗaya ta 3x2 ko 4x2 ta ishe shi. Dandamalin milimita 32 yana son 5x2. Mahayin doki yana son biyu, ɗaya wajen ƙafafun gaba ɗaya wajen na baya, don kada ya riƙa juyawa a kan ƙwaya guda. Sojan da aka zuba da farin ƙarfe ya fi na roba nauyi nesa ba kusa ba, kuma maganaɗisu ba ya kama jikinsa, don haka a ƙara masa girma ko adadi, haka ma mai riƙe da tuta, wanda nauyinsa yake sama.

Ba lallai ba ne a nace sai N52. N35 yana yin aikin, kuma maganaɗisun da ya yi wa soja ƙarfi da yawa illa ce: a je ɗaga shi, ƙafafunsa su karye a idon sawu, dandamali ya tsaya a kan faranti. Ana samun ƙwayoyin a shagunan intanet irin su AliExpress da Jumia, ɗari-ɗari ko hamsin-hamsin. Idan sun iso a auna su da rula, domin masu arha sukan gaza girman da aka rubuta da ɗan kaɗan. Wanda bai sami yin oda ba yana iya leƙa wurin masu gyaran kwamfuta da DVD, domin a kusa da idon da yake karanta faifai akwai ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, haka ma a cikin abin saurare na kunne da ya lalace. Manyan da ake cirowa daga rumbun ajiyar kwamfuta sun yi girma, kuma kada a ce za a yanka su ko a goga su da magagari, domin suna tarwatsewa, garinsu kuma yana kamawa da wuta.

Sai ƙarfen faranti. Fallen kwano mai santsi, marar tudu da kwari, mai kaurin milimita 0.4 zuwa 0.5, shi ne daidai. Masu ƙera adaka da bokiti da mazurarin ruwa suna da guntayensa zube. Gwangwanin madarar gari ko na tumatir babba, idan aka yanke shi aka miƙar, yana yi wa ƙaramin faranti, sai dai ya fi siriri, riƙonsa bai kai na kwano ba, kuma miƙar da shi sosai yana da wuya. A tafi kasuwa da ƙwayar maganaɗisu ɗaya a aljihu a gwada duk abin da za a saya, domin kwanon rufi na alminiyam da gwangwanin lemo da yawancin tiren silba ba ya kama su ko kaɗan.

Sauran kayan su ne falle na filawud ko MDF, wato katakon da ake matsewa daga garin itace, mai kaurin milimita 3, da kwali mai tauri, da rular ƙarfe, da sukwaya ta kafinta, da almakashin yankan kwano, da magagari, da sanfefa, da reza ko wuƙar yankan kwali, da tsinken sakace, da alƙalamin maka. Gam kuwa iri huɗu ne, kowanne da wurinsa: Araldite mai haɗi biyu don maganaɗisu, sufa-gulu don riƙon gaggawa, Evo-Stik don manna kwano a kan katako, da farin gam na kafinta irin Top Bond don katako da yashi.

Sa maganaɗisu a dandamali

A nan ne yawancin aikin yake lalacewa, kuma dalilin ɗaya ne, wato tazara. Ƙarfin jan maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai da zarar ya ɗan nisanci ƙarfe, har ta kai ƙaramar ƙwaya da take daf da kwano ta fi babbar da ta rage milimita ɗaya riƙo. Dandamalin roba na kamfani yana da kwarmi a ƙarƙashinsa, kuma zurfin kwarmin ya bambanta daga wani zuwa wani. Idan aka liƙa maganaɗisu kai tsaye a rufin kwarmin, sau da yawa yakan rataye a sama bai kai ƙasa ba, mutum ya ɗauka kayan jabu aka sayar masa. Idan kuma ya fi kwarmin kauri, sai ya leƙo, soja ya riƙa rangaji.

Saboda haka matakin farko shi ne awo. A kifa dandamali, a saka ƙwayar a ciki ba tare da gam ba, a gitta gefen rula a kan bakin dandamalin a duba. Idan rula ta taɓa maganaɗisu da bakin dandamali a lokaci guda, an dace. Idan akwai sarari, a cike shi da ɗan guntun kwali ko roba a tsakanin maganaɗisu da rufin kwarmin. Katin robar da ake ɓalle layin waya daga jikinsa yana da kaurin milimita 0.76, kuma yana yankuwa da almakashi, don haka yana da kyau ga wannan ciko.

Mataki na biyu shi ne shirya wurin. A kankare cikin kwarmin da bakin reza, a yi masa zane-zane, sannan a ɗan goga fuskar maganaɗisun da za ta sha gam a kan sanfefa sau biyu ko uku, don kawai a kashe santsin rufin nikel ɗin da yake jikinsa, ba don a cinye rufin ba, domin idan ya fita tsatsa za ta ci ƙwayar. A goge duka da sifirit don maiƙon hannu ya fita.

Mataki na uku shi ne fuska. Maganaɗisu yana kama ƙarfe ko da wace fuska, amma sojojin da suke kafaɗa da kafaɗa suna shafar juna: idan wannan arewarsa tana ƙasa, na kusa da shi kudunsa ce a ƙasa, sai su fizgi juna su haɗu da ƙarfi, fenti ya tafi. Idan duka fuska ɗaya suke kallo, sai dai su ɗan ture juna kaɗan, abin da riƙon kwano yake rinjaya. Hanya mai sauƙi ita ce a bar ƙwayoyin a jere kamar yadda suka zo, a ɗiga maka a fuskar ta sama, a zame ta gefe a ciro, a ɗiga wa ta gaba, kuma kullum fuskar mai ɗigo ce take shan gam. A ware soja ɗaya da aka gama ya zama ma'auni na dindindin, wanda za a riƙa gwada duk sabuwar odar da ta zo da shi, ko bayan shekara ne.

Mataki na huɗu shi ne mannawa, kuma akwai dabarar da take sa ƙwayar ta zauna daidai ba tare da dogon awo ba. A shimfiɗa fallen kwano a kan tebur, a rufe shi da leda mai santsi, a ajiye maganaɗisu a kan ledar da ɗigonsa a sama. A kwaɓa Araldite kaɗan, a ɗora masa da tsinke, sannan a kifa dandamalin a kansa a danna har bakinsa ya zauna a kan ledar ta kowane gefe. Kwanon yana riƙe da ƙwayar a ƙasa, gam ya cike sararin da ya rage a sama, ledar kuma ta hana komai mannewa da kwano. A bar tazarar yatsu uku tsakanin soja da soja, in ba haka ba ƙwayoyin za su bar wurinsu tun gam bai kama ba. A bar su su kwana kafin a zame su gefe.

Sufa-gulu kaɗai yana riƙewa da farko, amma idan ya bushe yana da gautsi, kuma yawan ɗagawa da ajiyewa yana ɓalle shi, a wayi gari maganaɗisu yana kan faranti soja yana hannu. Wanda ba shi da Araldite ya ɗiga sufa-gulu kewaye da ƙwayar, ya barbaɗa bekin soda a kai, nan take zai daskare ya zama ɗan bango mai tauri da ya rungume ta. A yi wannan a wuri mai iska, domin haɗin yana ɗaukar zafi yana kuma fitar da tururi mai yaji a ido. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga kuwa a bar shi, domin zafinsa ya wuce digiri 80 na Salshiyas, iyakar da maganaɗisun niyodimiyam na yau da kullum yake jurewa kafin ya fara rasa ƙarfinsa, kuma abin da ya rasa ba ya dawowa don ya huce.

Idan dandamalin na katako ne da aka yanka a gida, babu kwarmi, sai a huda shi da bakin abin huda mai faɗi daidai da ƙwayar, a manna salatif a ƙasa, a tura maganaɗisu har ya zauna a kan salatif ɗin, a cike saman da gam, daga baya yashin ado ya rufe wurin. An fi samun sauƙi idan an yi hudar kafin a ɗora soja.

Wajibi ne a faɗi wannan a nan: waɗannan ƙwayoyi suna da haɗari ga yara fiye da yadda girmansu yake nunawa. Yaron da ya haɗiye biyu ko fiye, suna iya kama juna ta cikin bangon hanji su huda shi, kuma abin yakan kai ga tiyata. A ƙirga su kafin aiki da bayansa, a ajiye ragowar a kwalba mai murfi a sama, kuma idan ana zargin yaro ya haɗiye, a tafi asibiti nan take ba tare da jiran alama ba. A kuma nisanta su da mai na'urar daidaita bugun zuciya, da katin banki mai baƙin layi, da agogon hannu mai allura.

Haɗa farantin sahu

Lissafin ba shi da wuya. Sojoji biyar a faɗi, huɗu a zurfi, a kan dandamalin milimita 25, suna cin milimita 125 da 100. Idan dandamalin na milimita 20 ne, 100 da 80 ke nan. Mahaya biyar a kan dandamali mai faɗin 25 da tsawon 50, sahu biyu, su ma 125 da 100 suke ci, wato faranti ɗaya yana yi wa dakaru ashirin ko barade goma. Amma kada a yanka a kan lissafin takarda kawai. A jera ainihin sojojin a jikin sukwaya a auna, domin fenti da yashin da suka taru a gefen dandamali suna ƙara faɗi, sannan a ƙara milimita 1 zuwa 2 a kowane ɓangare. Farantin da ya matse sojoji ya fi wanda ya ɗan yi musu yawa muni, domin wajen cire wanda aka kashe a tsakiyar sahu sai an tayar da maƙwabtansa.

A yanka kwanon daidai da wannan awo na ciki, misali 127 da 102. A zana layin da bakin ƙusa a jikin rula kafin a sa almakashi, a sa safar hannu, a datse kusurwoyin kaɗan, a bi gefen da magagari har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba. Almakashi yakan lanƙwasa bakin kwano, don haka a ɗora shi tsakanin katako biyu masu santsi a bubbuga da guduma har ya kwanta. Daga nan a yanka filawud ɗin ƙasa, wanda zai fi kwanon da milimita 5 a dama da hagu da gaba, wurin da bakin faranti zai zauna. Bayan faranti gara a bar shi a buɗe, saboda ta nan ake zame sojojin sahun baya idan an yi asara, kuma ta nan ake ƙara sahu idan runduna ta ƙaru.

A shafa Evo-Stik siriri a bayan kwano da kan katako, a jira har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Wannan gam ba ya ba da damar gyara bayan fuskokin sun haɗu, don haka a fara daidaita gefen baya, a kwantar da sauran a hankali. A ɗora abu mai nauyi a kai ya kwana. Bakin faranti ana yin sa da siraran filawud ko kwali mai tauri mai faɗin milimita 5, a manna da farin gam, kuma tsayinsa kada ya wuce na dandamali, don ƙafafun sojoji su fito a gani. Wasu suna barin baki gaba ɗaya, tunda maganaɗisu ya riƙe, kuma a wasannin da ake auna faɗin runduna da tsanani hakan ya fi, amma baki yana ba yatsu wurin kamawa, yana kuma ɓoye kaifin kwano.

Sojojin da suke kan dandamali mai da'ira, irin na Warhammer 40,000 da ya fito a 1987, farantinsu na kamfani yana zuwa da ramuka da aka yanka da na'ura. Wanda yake da kwano da maganaɗisu ba ya bukatar ramukan, sai dai ya yanka fallen yadda yake so ya jera su a warwatse.

Fenti a kan kwanon ya zama siriri, domin shi ma tazara ne. A goge maiƙon kwano da sifirit, a ɗan bi shi da sanfefa mai laushi, a fesa fenti marar ƙyalli shafi biyu marasa kauri, launin ƙasa. Yashi da ciyawar ado a bakin faranti kaɗai ake sa su, ba a inda sojoji suke tsayawa ba. Yashin gulbi da aka tankaɗe da rariya mai laushi ya wadatar, amma a fara wuce maganaɗisun da aka naɗe a leda a cikinsa, domin yakan ƙunshi baƙin gari mai ƙarfe wanda zai riƙa taruwa a ƙarƙashin sojoji.

Gwaji da ajiya

A jera rundunar, a riƙe farantin a saman matashin kai, a karkata shi a hankali har ya tsaya a gefensa, sannan a ɗan girgiza. Sojan roba bai kamata ya motsa ba. Na ƙarfe idan ya jure karkatar rabi da girgiza ba tare da ya zame ba, ya isa. Wanda ya faɗi a duba tazararsa kafin a ce a ƙara masa ƙwaya. Wajen ɗaga soja kuma a kama dandamali, a karkata shi gefe ko a zame shi, kada a fizge shi sama ta mashi ko ta kai.

Adakar ƙarfe ta makaranta ita ce ma'ajiyar da ta fi dacewa, domin ƙasanta da bangonta duka suna kama maganaɗisu, sojoji su tsaya ba tare da soso ko tsumma ya goge su ba, ko da an ɗaure ta a bayan babur zuwa Argungu ko Jega. Idan robar ajiyar abinci ce mai murfi, a manna fallen kwano a ƙasanta. Farantan da babu kowa a kai a ɗaure su da roba a wuri guda, kada su yi yawo a cikin akwati.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40, kada a bar adakar a cikin motar da aka rufe a rana ko a ƙarƙashin kwanon rufi marar silin. Kafin zafin ya taɓa maganaɗisu ma, mashi da takubban roba za su lanƙwashe, Evo-Stik kuma ya yi laushi kwano ya ɗago. Da hunturu a riƙa rufe akwatin, a kuma bi ƙarƙashin sojoji da salatif lokaci-lokaci don ɗauke garin ƙarfen da ya manne, wanda yake karce fentin faranti. Da damina kuwa gefen kwanon da aka yanka, inda rufin tutiya ya ƙare, shi ne yake fara tsatsa, don haka a shafa masa fenti ko fentin farce marar launi tun ranar da aka yanka, a kuma jefa cikin adakar 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da suke zuwa a kwalin sabon takalmi.